Fentin fantasi a jikin sojojin tarihi: me zan ɗauka, me zan bari?

Ɗan'uwa na karanta tambayarka. Kace ka daɗe kana yiwa 'yan mutum-mutumin fantasi fenti, su Warhammer da dodanni da mayaƙan almara, yanzu kuma ka sayi kwalin sojojin Ingila na zamanin Napoleon masu tsawon milimita 28 ka musu fenti da hannun da ka saba, sai masu harkar tarihi suka ce maka sun fito kamar zanen katun, wai jan yayi yawa, layukan hasken sunyi yawa, shine kake tambaya ko dole sai ka zubar da duk abinda ka koya ka faro daga farko.

A'a, kar ka zubar da komai. Abinda ka koya a fantasi shine sarrafa haske da inuwa, kuma wannan ilimin bashi da ɓangare, sojan Faransa na 1815 yana buƙatarsa kamar yanda dodo mai fukafukai yake buƙata. Abu biyu ne kawai zasu canza maka, na ɗaya inda kake ɗauko launi, na biyu irin kayan da kake kwaikwaya, wato ulu da fata da katako da ƙarfen da mutane na gaske suka sa a jikinsu suka sha rana da ruwan sama da shi. A fantasi kai ke yanke hukuncin launi, a tarihi marina sun riga sun yanke maka tun shekara ɗari biyu baya.

Kuma wannan katangar da ake ginawa tsakanin ɓangarorin biyu ni gaskiya ban yarda da ita ba, domin mutanen da suka gina gidajen biyu kusan su ɗaya ne. Tagwayen nan Alan da Michael Perry, waɗanda yau sojojinsu na roba da na ƙarfe suka cika teburan masu wasan tarihi, a Games Workshop, kamfanin Nottingham ta Ingila da ke yin Warhammer, suka yi aikin sassaƙa tun 1978 har suka bari a 2014, kuma duk tsawon lokacin suna sassaƙa na tarihi a gefe. Rick Priestley da ya rubuta Warhammer 40,000 a 1987 yana cikin waɗanda suka rubuta dokokin wasannin yaƙin tarihi na Black Powder da Bolt Action. Warlord Games ɗin da ke buga waɗannan dokokin ma tsofaffin ma'aikatan Games Workshop ne suka kafa shi a 2007, a Nottingham ɗin dai. Sannan salon launi uku na kamfanin sojojin tarihi Wargames Foundry wanda Kevin Dallimore ya yi suna da shi, wato ka sa baƙin firaima, fentin farko da ake shimfiɗawa a ƙasa, ka shimfiɗa launi mai duhu, ka ɗora na tsakiya, ka ƙare da mai haske, kana barin baƙin layi tsakanin komai da komai, ai wannan salon ya fi na wasu 'yan fantasin ƙarfin bambanci, amma an daɗe ana ganinsa a matsayin salon tarihi na gargajiya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, duk wannan tsatsa da ƙura da ɓarewar fenti da fentin mai da 'yan fantasi suke yayi yanzu, daga masu haɗa tankoki da jiragen yaƙin duniya na biyu aka aro shi, irin su Mig Jiménez na Sifaniya. Kaga kenan aro daman can ana yinsa ta kowane gefe.

Toh bari mu zo kan dalilin da yasa naka suka fito kamar katun, domin masu sukar basu yi ƙarya gaba ɗaya ba, sun ga wani abu, kawai sunan da suka bashi ne ba daidai ba. Ina kyautata zaton layin hasken gefe ne babban mai laifi, wannan siririn layin da ake ja a bakin kowane abu. A jikin Space Marine, sojan Warhammer 40,000, yana karɓarsa sosai saboda sulkensa faranti ne mai tauri mai kaifin baki, ido ya san ƙarfe ko roba mai santsi yana kama haske a gefe. Amma rigar ulu bata da gefe. Ulu shanye haske yake yi, baya mayar da shi, shi yasa idan ka kalli tsohuwar rigar soja ta gaske zaka ga hasken a shimfiɗe yake a saman kafaɗa da saman hannu da tudun ninki, yana narkewa a hankali zuwa duhu ƙarƙashin hammata. Idan ka zagaye kowane ninkin rigar da siririn layi mai haske, ƙwaƙwalwar mai kallo sai ta karanta rigar a matsayin roba, koda bai san dalilin ba zai ce maka wani abu bai zauna ba. Saboda haka layin gefen ka ajiye shi don abubuwan da suke da gefe da gaske, bakin doguwar hular soja ta shako, jakar harsashi ta baƙar fata, kuben banati, gindin bindiga, bakin takalmi. Akan rigar kuwa hasken ya zama mai faɗi, daga sama, mai laushin iyaka.

Amma kar kace tunda haka ne bari na rage bambancin haske da duhu baki ɗaya, nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Mutum-mutumi mai milimita 28 kamar kashi ɗaya cikin 56 ne na mutum, ninkin rigarsa bai kai zurfin da zai yi inuwar kansa ba, idan baka zana inuwar da hannunka ba babu ita. Kuma akan tebur daga nisan mita ɗaya ake kallonsa, ba a tafin hannu ba. Sojan da aka yiwa launi daidai da na gidan tarihi amma ba haske ba inuwa, daga nesa dunƙulen duhu kawai zaka gani. Gwajin da nake so kowa ya riƙa yi shine ka ɗauki hoton sojan da waya ka mayar da hoton baƙi da fari. Idan har kana rarrabe fuska da hula da ɗamara da riga a haka, hasken ka yayi. Wannan bambancin ka riƙe shi kamar yanda ka saba a fantasi. Abinda zaka sassauta shine zafin launin, wato yanda jan yake ja wur ko koren yake kore shar.

Bari na zauna akan jan rigar sojan Ingila tunda ita ka ambata, kuma ita ce misali mafi daɗi. Kafin 1856 da William Perkin ya gano rinin farko na sinadari, duk rinin kayan soja daga tsirrai da ƙwari da ma'adinai yake. Rigar ƙaramin sojan Ingila da saiwar wani tsiro ake rinata, madda, mai arha, jan da take bayarwa ya karkata zuwa na jan bulo, kuma yana koɗewa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa in ya sha rana, balle sojan da ya yi shekaru a yaƙin Sifaniya da Fotugal tsakanin 1808 da 1814. Hafsa kuwa shi yake ɗinka kayansa da kuɗinsa, da yadi mai kyau da aka rina da kocinil, wani ɗan ƙwaro da ke rayuwa a jikin kaktus a Meziko da maƙwabtanta, shi ne ke bada ja mai rai. Sai a shekarun 1870 ƙananan sojoji suka samu ja mai haske suma. Kaga tarihin da kansa ya baka abinda ɗan fantasi yake nema kullum, wato hanyar da jagora zai fita daban a cikin taro. Ni yanda nake yi, ga ƙananan sojoji na fara da ja mai duhu wanda ya kusa ruwan ƙasa, na ɗora ja mai ɗan ɗigon ruwan goro akan kusan kashi biyu cikin uku na rigar, sannan hasken ƙarshe na haɗa jan da ɗan launin fatar mutum ko rawaya mai dishi-dishi, ba fari ba, domin fari a cikin ja ruwan hoda yake haifarwa, shi kuma ruwan hoda nan take yake kashe rigar soja. Cikin inuwar kuma, ƙarƙashin hannu da inda ɗamara ta danne rigar, sai na shafa gilez siriri, wato fentin da aka tsinka har ana ganin na ƙasa, na kore mai duhu ko shunayya da aka haɗa da ruwan ƙasa. Wannan dabarar ta sa kishiyar launi a inuwa ai daga fantasi ka santa, kuma a nan tafi amfani ma, saboda tana zurfafa jan ba tare da ta ƙara masa ƙyalli ba. Shi kuma hafsan ka bashi ja tsantsa, ka haska shi da ruwan goro, ka barshi ya yi ta ɗaukar ido, haƙƙinsa ne.

Farin ma haka. Ka ɗauki sojan ƙafa na Faransa, gaban rigarsa fari, wandonsa fari, ɗamarun da suka gitta ƙirjinsa farare, idan ka musu fari iri ɗaya ƙirjin gaba ɗaya zai zama faranti ɗaya. Amma a zahiri ba abu ɗaya bane, yadin ulu ne ko lilin wanda farinsa ya karkata zuwa ruwan madara mai ɗumi, ita kuma ɗamarar fata ce da ake gogawa da farar ƙasa, farinta mai sanyi ne. Sai ka gina yadin daga ruwan ƙasa mai haske ka hau, ita ɗamarar ka gina ta daga ruwan toka mai ɗan shuɗi, fari fat kuma sai a tudun ƙarshe kawai, sannan ka ja siririn layi mai duhu inda suka haɗu. Mai fentin sojojin Ostiriya, waɗanda rigar tasu ma gaba ɗaya fara ce, idan bai iya wannan ba zai sha wahala. Shuɗin Faransa kuma da shuni ake rinashi, mai duhu ne sosai, har takai lokacin da takunkumin Ingila ta teku ya sa shunin yayi wuya aka gwada sawa wasu rundunoni fararen riguna a 1806, aka janye a 1807. Akan ɗan soja ƙarami dole ka ɗaga shuɗin sama da na gaske kaɗan in ba haka ba baƙi za'a gani, amma ka ɗaga shi da ruwan toka-toka, kar ka kai shi shuɗin sararin sama irin na mayaƙan Ultramarines na Warhammer. Koren rundunar 95th Rifles ta Ingila ma haka, a gaske ya kusa baƙi, a tebur sai an ɗan buɗe shi.

Sai maganar yawa, wadda ɗan fantasi baya shirya mata. Can ka saba jarumi ɗaya ka bashi sati, ko rukunin mutum goma. Nan bataliya ɗaya mutum 24 ne ko 36, kuma rundunar kirki tana son bataliyoyi da dama ga dawakai ga igwa. Idan kace kowane soja sai ya sha narkakken haske mataki takwas, wallahi kwalin zai tsufa a kabad. A nan ne sababbin dabarun fantasi suka yi wa tarihi babbar rana. Firaima na zenital, wato ka fesa baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ko'ina sannan ka fesa fari daga sama kawai, sai ka bi da fenti mai ratsawa irin Contrast da Citadel ta fitar a 2019 ko Speedpaint ko Xpress Color na Vallejo, hasken da ke ƙasa ya riƙa lekowa, wannan ya dace da ulu fiye da yanda ya dace da sulke, domin hasken da yake bayarwa mai faɗi ne daga sama, irin wanda na faɗa ɗazu. Illarsa ɗaya, yawancin waɗannan fentin an haɗa su ne da idon fantasi, launinsu da zafi. Maganin mai sauƙi ne, ka ɗiga musu ɗan ruwan ƙasa ko ruwan toka daga irinsu, ko kuma maimakon farin firaima ka yi amfani da mai ruwan ƙashi, sannan a ƙarshe banish marar ƙyalli dole ne, domin sheƙi akan ulu yana ɓata komai. Sai ka adana ƙoƙarinka na gaske don layin gaba, mai tuta, mai ganga, hafsa, da fuskoki. Ido can yake zuwa.

Wani abu kuma da zai maka daɗi, kar ka yi wa bataliyar launi ɗaya sak. Rini na da, kowane kwano da yanda yake fitowa, kowane ɗan kwangila da yadinsa, sabon shiga rigarsa da ƙarfi, tsohon hannu tasa ta koɗe. A yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 sojojin Kudu ruwan toka ne a takarda, amma wasu rinin nasu rana na dukansu suke juyewa ruwan ƙasa, wasu kuma daman da ɓawon gyaɗar bishiya aka rina, shine launin nan da suke kira batanot. Saboda haka layi ɗaya zaka ga toka mai duhu da toka mai haske da ruwan ƙasa iri-iri. Ka haɗa jan ka ko tokar ka kala uku masu kusanci ka rarraba a cikin rukunin, daga nesa launi ɗaya ne, daga kusa mutane ne daban-daban.

NMM kuma, wato zana ƙarfe ba tare da fentin ƙarfe ba, da toka da fari da baƙi kawai ko rawaya da ruwan ƙasa don zinare, mutane suna ɗaukarsa kayan fantasi saboda kamfanin Rackham na Faransa ne ya yaɗa shi a wajejen shekarar 2000. Amma ai duk masu zanen Turai na da da suka zana sarakuna cikin sulke akan kyalle haka suka yi, da fenti na yau da kullum suka fito da ƙyallin, kenan idan akwai dabarar da take da asali a tarihi to ita ce. Ra'ayina akai shine, in mutum-mutumi ɗaya ne babba mai milimita 54 ko 75 da za'a ajiye a kalla ta gaba ko a ɗauki hotonsa, yi NMM ɗinka da zuciya ɗaya, jarumin ƙarni na 15 cikin gogaggen sulke yana fitowa da shi ƙwarai. In kuwa rundunar tebur ce ban baka shawara ba, ba don haram bane, sai don NMM ƙyallinsa a daskare yake a kusurwa ɗaya, su kuma sojojin tebur juya su ake ta ko'ina, ga banati talatin a layi, lokacin da zai ci bai kai ribarsa ba. Abinda yafi shine ka ɗauki tunanin NMM ka ɗora akan fentin ƙarfe na gaske, ka duhunta inda NMM zai duhunta da wosh, wato fenti mai ruwa-ruwa da ke kwanciya a lunguna, ko gilez, ka bar azurfa mai haske a ɗigon da haske zai buga. Sannan ka tambayi kanka wane irin ƙarfe ne. Bututun bindigar sojan Ingila da na Faransa a zamanin Napoleon gogewa ake har yayi sheƙi, amma na bindigar Baker da 'yan Rifles suke riƙewa an shafa masa magani ya koma ruwan ƙasa don kar ya tona su. A yaƙin Towton na Ingila a 1461 mai kuɗi ne yake cikin farin sulke, talaka lifidi ne da kwalkwali, kuma akwai kwalkwalayen ƙarshen wannan ƙarnin da suka kawo yau waɗanda ba'a goge su ba, baƙaƙe, wasu ma fenti aka musu.

Hasken da ke fitowa daga wani abu a jikin mutum-mutumin, OSL, wannan ba sai na ja ba. Babu takobi mai walƙiya a tarihi, amma akwai wutar sansani, akwai fitila, akwai jan garwashin igiyar bindigar ƙarni na 17, akwai wutar bakin igwa. A ɗan ƙaramin fage da aka shirya na dare yana yin kyau matuƙa, a bataliyar da ke tafiya da rana tsaka bashi da gurbi. In kana son ɗan abin da zai sa masana su gyaɗa kai, ka shafa baƙi-baƙi kaɗan a gefen bakin sojojin da yatsunsu, domin da haƙori suke yage takardar albarushi kafin su ɗura, bayan an jima ana wuta fuskokin duk sun yi dabbare.

Fuskar ma gilez ɗinka na fantasi zai maka aiki, ɗan ja a kumatu da hanci, ɗan toka-shuɗi a haɓa don gemun da ba'a aske ba. Kawai ka lura yawancin sojojin tarihi an sassaƙa su kusa da ƙirar mutum ta gaske, kai ƙarami, hannu ƙarami, ba irin manyan kawuna da tafukan fantasi ba, saboda haka farin ido da ka saba ɗigawa a nan sai ya sa sojan ya zama kamar a firgice yake. Siririn layi mai duhu a gurbin idon ya wadatar.

Yanzu kuma bari na ja maka kunne akan kuskuren da yake ɗaya gefen, domin wasu in aka ce musu katun sai su gudu su tsoma komai a wosh mai ruwan ƙasa, su yayyafa taɓo har wuya, suce wannan shine gaskiyar tarihi. An gudu ba'a tsira ba. Wannan tunanin cewa mutanen da duk cikin ruwan ƙasa da toka suke, daga finafinai ya zo. Mutanen da suna son launi kamar kowa, kuma filin yaƙin albarushi hayaƙi ne fari ya turnuƙe, dole ka sa abinda naka zasu gane ka. Garkuwar sojan Rum da aka tono a Dura-Europos na ƙasar Siriya, ta ƙarni na 3, wadda take jami'ar Yale yanzu, ja ce da zanen gaggafa a sama da zaki a ƙasa da ado kala-kala a tsakiya. Mutanen sarkin Ingila Edward na 4 shuɗi da ja mai duhu suke sawa. Sojojin hayan Jamus na ƙarni na 16, Landsknecht, kayansu tsaga-tsaga ne ƙafa ɗaya launi daban da ɗayar, ko ɗan fantasi sai yayi da gaske kafin ya kamo su. Sojojin dokin Napoleon da ake kira husa kuwa igiyoyin ado ne reras a ƙirji. Kenan dishi-dishin da nake cewa ba datti nake nufi ba, ina nufin launin rini, mai kyau, mai rai, amma ba mai ƙyallin sinadarin zamani ba. Ƙura a takalmi da ƙasan wando da gwiwa ta isa.

Game da masu suka, ka raba maganarsu gida biyu. In mutum yace maka kwalar wannan rundunar shuɗiya ce saboda rundunar sarki ce kai kuma ka mata rawaya, ko yace wannan hular sai 1812 aka fara bada ita kai kuma kace sojojinka na 1809 ne, ko tutar da ka manna ta wata runduna ce, ka gode masa ka gyara, wannan shine ainihin daɗin harkar tarihi, kuma mutanen nan da yawansu sun ƙarar da shekaru suna bin wannan ilimin, kyauta suke baka. Amma in yace launin kakin Jamus ɗinka bai yi daidai da lamba kaza ta kwalbar fenti ba, nan kana da ta cewa. Kakin Jamus na yaƙin duniya na biyu da kansa ba launi ɗaya bane, na farkon yaƙi toka ne mai kore da kwala kore mai duhu, a samfurin 1940 aka cire wannan kwalar, zuwa ƙarshen yaƙi yadin ya lalace an cakuɗa shi da zaren roba da tsohon ulu, launin ya karkata ruwan ƙasa. Rigar da ke gidan tarihi ma shekaru sun canza ta, hotunan launi na lokacin suma fim ɗin yana da nasa karkata. Har launin rigar sojan Rum, ja ce ko fara, masana basu gama gardama akai ba. Saboda haka zangon launi ake nema, ba ɗigo ɗaya ba. Zai kuma rage maka gardama in ka riƙa faɗa tun farko cewa wannan don tebur nayi ko don ajiya, kuma shekara kaza nake kwaikwaya, domin ma'aunin ba ɗaya bane, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka tuna kuma kyamarar waya tana ƙara wa ja zafi, sau da yawa abinda aka soka a hoto a ido bai kai haka ba, ɗauki hoton a hasken rana mai laushi da bango ruwan toka.

Waɗanda ka riga ka yi kuwa ba sai ka wanke su ba. Ka samu gilez siriri na ja mai ruwan ƙasa ka bi saman rigunan sau biyu, zai danne layukan gefen ya haɗe su da jikin rigar, ya kuma kwantar da zafin jan, layukan da ke kan hula da jaka da bindiga ka barsu yanda suke, ka fesa banish marar ƙyalli. Kafin ka taɓa sauran kwalin kuma ka ware soja uku, ɗaya ka masa salonka na da, ɗaya zenital da fenti mai ratsawa, ɗaya launi uku da haske mai faɗi, ka jera su akan tebur ka ja baya mita ɗaya ka kalla, sannan ka duba agogo ka ga nawa kowanne ya ci, ka ninka da 24.